Yadda Ake Hana Karen Ruwa, Tsuntsaye da Ɓeraye Ɓata Jirgi da Mashigi

Duk wanda jirginsa yake kwana a bakin Gulbin Rima, ko a Tafkin Kware, ko a gefen madatsar ruwa ta Goronyo, ya san irin ɓacin ran da ake yi idan aka yi sammako aka tarar da goshin jirgi da mazaunin fasinja sun sha kashi, ga ƙarni yana tashi, ga mutane sun fara taruwa da kayansu suna jiran a ƙetarar da su kasuwa. Yawancin masu jirage sukan kamfaci ruwa da gwangwani su watsa, su goge da tsumma, gobe kuma su sake tarar da abin a daidai inda suka goge. Dalilin maimaituwar shi ne dabba tana dawowa wuri ne saboda abu uku: warin da ta bari, abincin da take samu, da busasshen wuri mai faɗi da take hawa ta huta. Muddin ukun nan suna nan, ko an kori ta yau wata za ta gaje ta. Don haka aikin yana da tsari, kuma wanda ya fara da sayen waya kafin ya wanke jirginsa ya yi asarar kuɗinsa.

Matakin farko: a gane mai laifin

Kafin a kashe ko sisi, sai a san wace dabba ce take zuwa, domin abin da yake tare balbela ba ya tare ɓera. Kashin da kansa yana ba da labari. Na tsuntsu fari ne, ruwa-ruwa, yana fantsama daga sama, kuma an fi samunsa a ƙarƙashin inda ake iya sauka, kamar bakin jirgi, kan turke ko saman rumfa. Na ɓera ƙanana ne baƙaƙe masu kama da ƙwayar shinkafa, a lungu, a ƙarƙashin katakon zama da cikin tarin raga, na gafiya kuwa ya fi girma. Na guza dogo ne mai duhu, da ɗan farin abu kamar alli a gefe guda. Na karen ruwa, wata dabba mai gashi da take rayuwa a bakin gulbi tana farauta a cikin ruwa, shi ne ba a rikita shi da kowa idan an duba da kyau: tsibi ne mai yauƙi idan sabo ne, cike da ɓawon kifi da ƙananan ƙayoyi da gutsattsarin ƙwanson ƙaguwa, idan ya bushe sai ya yi fari-fari ya riƙa marmashewa, kuma kullum a wuri ɗaya mai tudu ake samunsa, kamar goshin jirgi ko ƙarshen dandamali.

Na taɓa tsayawa a wani mashigi da ke yammacin birni, inda wani dattijo mai jirgi ya shafe mako yana zargin karnukan ƙauye da yaran da suke wanka a wurin. Wani masunci da ya fi shi ƙuruciya ya tsuguna, ya sa tsinke ya tona abin, ya ɗago ɗan ƙafar ƙaguwa ya nuna masa, ya ce, "Baba, wanga ba aikin karen gida ba na." Da magariba suka baje yashi mai laushi mai ɗan danshi a kan hanyar da ta taso daga ruwa zuwa jirgin, suka share shi da reshe, da asuba kuwa sai ga sawu mai yatsu biyar, ba alamar ƙumba, kamar an danna hannun jariri a ƙasa. Wannan dabarar yashi ita ce mafi araha kuma mafi amfani a duk abin da zan faɗa. Kare yana barin yatsu huɗu da tabon ƙumba, guza yana barin dogayen yatsu da layin wutsiya a tsakiya, ɓera kuma ƙananan ɗige-ɗige ne da suke bin gefen abu.

A Najeriya karen ruwa iri biyu aka fi sani. Akwai babba marar ƙumba, mai farin maƙogwaro, wanda yakan kai kilo 12 zuwa 20, kuma ya fi son ƙaguwa da kwaɗi da tarwaɗa, yana laluben su da hannu a cikin laka. Akwai ƙarami mai ɗige-ɗige a wuya, wanda bai cika wuce kilo 6 ba, kifi ne abincinsa kuma da ido yake farauta. Dukansu suna buƙatar ruwan da ba ya ƙafewa da ciyayi masu duhu a gaɓa, kuma dukansu suna raguwa, shi ya sa a yankinmu ba kasafai ake ganinsu ba. A gaskiya, idan aka bi mashigai goma a Sakkwato, a mafi yawansu tsuntsaye da ɓeraye da awakin gari ne masu ɓarna. Amma inda karen ruwa ya zaɓi wuri, ya fi kowa naci, saboda kashinsa saƙo ne ga 'yan uwansa: yana haɗa shi da wani ruwa mai wari daga jikinsa don ya nuna cewa nan yankinsa ne, kuma duk wanda ya biyo ta wurin sai ya ɗora nasa.

Mataki na biyu: wanki, kuma wanki na gaske

Watsa ruwan gulbi yana kawar da abin da ido yake gani, amma hancin dabba ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma katako yana shan wari. Idan da hali, a jawo jirgin kan tudu, nesa da ruwa kamar taku ashirin, domin ruwan wankin ya nutse a ƙasa maimakon ya gangara cikin gulbi. Mai wankin ya sa safar hannu ta roba, ko ya ɗaura leda biyu a hannunsa, ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Kada a share busasshen kashi da tsintsiya, musamman na ɓera da na tsuntsu, domin ƙurar da take tashi ita ce take shiga huhu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake kama mutane, kuma murar tsuntsaye da ta ɓulla a Najeriya a 2006 tana yaɗuwa ta kashin tsuntsaye. Sai a fara jiƙa wurin tukuna.

A haɗa kofi ɗaya na Hypo ko Jik da kofi tara na ruwa, a zuba a kan ƙazantar har ta jiƙe, a bar ta minti biyar zuwa goma, sannan a kwashe da guntun kwali ko tsohon faranti a zuba a rami a binne. Bayan haka a dirje wurin da buroshi da omo, a bi tsagin da ke tsakanin katakai inda ƙarnin kifi yake maƙalewa. Ruwan toka ko na kanwa yana yanke maiƙon kifi sosai, kuma tsofaffin masunta sun daɗe da sanin haka. A ɗauraye, a bar rana ta daki wurin. Kada a gauraya Hypo da wani sinadarin wanki, domin yana iya fitar da iska mai guba, kuma kada a zubar da ragowarsa a gulbi, saboda yana kashe 'ya'yan kifi da ƙwansu. Jirgin faiba ya fi sauƙin wankewa, amma shi ma bai kamata a bar kashin tsuntsu ya daɗe a kansa ba, domin yana da sinadarin da yake cin fenti, kuma zafin rana yana ƙara manne shi.

Inda katakon ya riga ya sha wari har wanki bai fitar da shi ba, sai a kankare saman da wuƙa ko sanfefa, a shafa fentin mai ko kwalta mai zafi kamar yadda ake yi wajen liƙe ɓaraka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a maimaita wankin kowace safiya har tsawon mako biyu ko uku. A kwanakin farko karen ruwa yana iya ƙara yawan kashin, domin yana ƙoƙarin mayar da alamarsa da aka goge, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya su ce abin bai yi aiki ba.

Mataki na uku: a rufe kasuwar

Wannan shi ne matakin da ba ya cin kuɗi amma ya fi wuyar aiwatarwa, saboda ya shafi ɗabi'ar mutane. Masunci ya dawo da yamma a gajiye, ya fede kifi a cikin jirgi ko a bakin ruwa, ya watsar da hanji da ƙaya nan take, ya bar ragowar dusa ko ƙananan kifin da yake ɗana tarko da su a cikin gwangwani, ya tafi gida. Fasinja sun bar ɓawon rake, guntun ƙosai, hatsin da ya tsiyaye daga buhu. Da dare duk mai hanci a wannan gaɓar ya san inda ake rabon sadaka, tun daga shirwa da hankaka da yamma har zuwa ɓera da guza da karen ruwa.

A ware wurin gyaran kifi guda ɗaya a kan tudu, nesa da inda jirage suke kwana, a haƙa rami a riƙa zuba hanji ana rufewa da ƙasa da toka kowace rana. Abincin ɗana tarko a sa shi a bokiti mai murfi a tafi da shi gida. Ruwan da yake taruwa a cikin jirgi a kwashe shi kafin a tafi, domin shi ne yake riƙe ƙarni, ga sauro kuma. Raga da kalli da birgi a wanke su a shanya a kan sanduna, kada a dunƙule su a ƙasan jirgi, inda ɓera zai samu abinci da sheƙa a wuri guda. Haka ma rigunan kariya daga nutsewa, waɗanda Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, take matsa wa masu jirage su tanada: soson da ke cikinsu ɓera yana son sa don yin gida, kuma rigar da aka ɓuntsule cikinta ba za ta ɗaga kowa ba ranar da aka buƙace ta. A rataye su a gida ko a sa su a durom mai murfi. Mai injin Yamaha ya riƙa duba tiyon mai, domin ɓera yana gwaguyarsa.

Akwai masu ajiye kifi da rai a cikin gura ko kejin raga a ɗaure a jikin jirgi har gari ya waye. Babu abin da yake jawo karen ruwa kamar wannan. Idan ba makawa sai an ajiye, a kai shi nesa da jirage, kuma kejin ya zama na waya mai ƙarfi.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, tunda maƙwabcinsa na iya ci gaba da watsar da hanji taku biyar daga jirginsa. Magana ce da ya kamata a kai gaban Sarkin Ruwa ko shugaban ƙungiyar masunta, a zauna a yanke wurin fiɗa da wanda zai kula da ramin, domin abin da Sarkin Ruwa ya faɗa a bakin gulbi ya fi saurin shiga kunne fiye da na jami'in da ya zo daga birni da takarda.

Mataki na huɗu: shinge da rufi

Sai an gama waɗannan ukun sannan kashe kuɗi yake da ma'ana. A nan kowace dabba da nata.

Karen ruwa ƙwararre ne a iyo, yana iya hawa, kuma yana da hannu mai dabara, saboda haka ɗaure jirgi a tsakiyar ruwa ba ya hana shi, musamman kwalekwale mai gajeren baki. Abin da yake hana shi shi ne ya rasa shimfiɗaɗɗen wurin da zai hau. A gitta doguwar gora daga goshin jirgi zuwa bayansa, a ɗaga ta da sanduna masu gwafa kamar kamu biyu, a lulluɓa tamfol a kai ya yi siffar rufin ɗaki, a ja shi ya yi tauri, a ɗaure shi a ƙarƙashin bakin jirgin ta kowane gefe ba tare da barin kafa ba. Tamfol mai santsi da gangara ba ya ba shi wurin zama, ruwan sama ma yana zubewa. Amma tamfol da aka yafa sako-sako ya fi rashinsa muni, domin ya zama ɗaki mai inuwa, kuma wata rana mai jirgi zai ɗaga ya yi ido huɗu da guza ko maciji.

Mutane sukan ce a kife jirgin kawai. Ga jirgin faiba ko ƙaramin kwalekwale shawara ce mai kyau, da sharaɗin a ɗora shi a kan gwafanni ya yi sama da ƙasa kamar tsayin gwiwa ko fiye, domin iska da haske su ratsa ƙarƙashinsa. Ga jirgin katako kuwa ina da ja. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura maki 40, kuma katakon da aka fitar daga ruwa aka kife a rana yana tsukewa, tsagoginsa su buɗe, a mayar da shi ruwa ya riƙa yoyo. Gara ya zauna a ruwa a rufe, ko a kife shi a inuwa na ɗan lokaci kawai.

Inda akwai dandamalin katako ko na duroma, kamar a wuraren da ake ɗaukar fasinja ko inda ake kiwon kifi a keji, sai a kewaye gefensa da ragar waya mai walda, wadda ramukanta ba su wuce santimita 5 ba, tsayinta ya kai mita ɗaya, a lanƙwasa samanta ya kalli waje domin mai hawa ya rasa yadda zai ƙetare. Wayar kaji ba ta da ƙarfin da za ta jure haƙoransa, kuma tana tsatsa cikin damina ɗaya. A kula da ƙasa fiye da sama, domin ta ƙarƙashi yake fara gwadawa: a ƙusance wayar a jikin katako, inda ta sauka a gaɓa kuma a binne ta ko a shimfiɗa gefenta a danne da duwatsu. Ƙofar shiga a riƙa rufe ta da dare. Wasu masu gonakin kifi suna amfani da shingen lantarki mai na'ura ta musamman da take aiki da batir ko sola, wadda take fizgar dabba ba tare da kisa ba. Wannan daban yake da jona waya kai tsaye da wutar NEPA ko janareta, abin da bai kamata kowa ya kusanta ba a wurin da yara suke wanka, mata suke wanki, mutane suke alwala.

Ɓera yana shiga jirgi ta igiya. A samo faifan kwano ko murfin tsohuwar tukunya mai faɗin santimita 30 zuwa 40, a huda tsakiya, a zura igiyar ɗaure jirgi ta ciki, a yi ƙulli gaba da baya don ya tsaya a tsakiyar igiyar a sama da ruwa. Wannan ita ce dabarar da manyan jiragen teku suke amfani da ita a tashoshi. Ba za ta yi aiki ba idan goshin jirgin yana taɓa gaɓa ko ciyawa, don haka a bar tazara, kuma a sassabe shalla da sauran ciyayin da ke kusa da mashigin kaɗai, ba dukan gaɓar ba, tunda a cikinsu kifi yake ƙyanƙyasa. Tarkon ɓera na ƙarfe a cikin jirgi ya wadatar, a duba shi kowace safiya.

Tsuntsaye kuwa wurin sauka suke nema. A kafa ƙananan sanduna a bakin jirgi, a ja zaren fatsa mai kauri a tsakaninsu, kamar santimita 10 zuwa 15 sama da katakon, yadda balbela ko zalɓe zai ji abu yana taɓa ƙafarsa ya fasa sauka. Kan turaku a fiƙe shi ko a kifa masa gwangwani mai tsini. Kada a shimfiɗa tsohuwar raga sako-sako da sunan kariya, domin tsuntsu zai sarƙe ya mutu a ciki, gawarsa ta jawo wasu dabbobin. Mafi sauƙi duka shi ne a ɗaga kai kafin a kafa turke: jirgin da aka ɗaure a ƙarƙashin bishiyar da balbelu ko jemagu suke kwana ba shi da magani sai a matsar da shi.

Abubuwan tsoratarwa da abubuwan da za a guje wa

Mutum-mutumi, tsofaffin faifan CD masu walƙiya, ledoji a jikin zare, gwangwanaye masu ƙara idan iska ta kaɗa, fitilar sola mai kunna kanta idan abu ya gitta, duk suna aiki, amma na 'yan kwanaki. Dabba tana lura, kuma da zarar ta gane abin ba ya cizo sai ta saba, har a wayi gari a ga balbela a tsaye a kan mutum-mutumin. Amfaninsu shi ne a makonnin farko, lokacin da ake wanki ana jiran wari ya gushe, kuma sai an riƙa sauya musu wuri duk bayan kwana biyu ko uku. Barkono da ake barbaɗawa raɓa ɗaya take wanke shi.

Abin da nake roƙon a bari gaba ɗaya shi ne guba. Akwai masu zuba fiya-fiya ko Gamalin a cikin hanjin kifi su ajiye a gaɓa, akwai masu zuba baƙin mai ko kananzir ko ƙwayoyin kafur. Gubar ba ta zaɓe: karen makiyayi zai ci, ungulu za ta ci gawar, ragowar ta gangara ruwan da shanu suke sha kuma daga cikinsa ake kamo kifin da za a kai kasuwa. Sinadarin da ke cikin Gamalin yana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin haramtattu a 2009 saboda yana daɗewa a ruwa da jikin halittu. Ban da haka, Najeriya tana da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, kuma karen ruwa yana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Ko ta fuskar riba ma kisan ba ya biya, domin wurin da ya yi wa ɗaya daɗi zai yi wa na bayansa.

Idan aka tarar da karen ruwa a cikin jirgi ko a ƙarƙashin dandamali, kada a tare masa hanya ko a kai hannu, musamman mace mai 'ya'ya, domin cizonsa yana da zurfi. A ja baya, a buga filafili a jikin jirgi, a bar masa hanyar ruwa. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allurar ciwon haukan kare da ta sarƙewar haƙora. Kuma kafin a toshe ƙarƙashin dandamali da waya, a tabbatar babu 'ya'ya a ciki, a jira har sun fita.

Bin yanayi

Mashiginmu ba ya zama wuri ɗaya duk shekara. A watannin Agusta da Satumba gulbi yana cika, idan kuma aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, wadda Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima take kula da ita, gaɓa tana iya sauyawa cikin dare guda, kamar yadda mutanen da suka ga ambaliyar 2010 ba za su manta ba. A irin wannan lokaci ɓeraye da macizai suna gudu daga ramukansu su nemi duk wani busasshen wuri, jirgi kuwa yana cikin na farko, saboda haka faifan igiya da ɗaurin tamfol sun fi muhimmanci a lokacin. Shingen da ke gaɓa a yi shi gunduwa-gunduwa a jikin firam, yadda mutum biyu za su iya cire shi su matsar da shi sama kafin ruwa ya tafi da shi.

Da hunturu tsuntsayen ruwa suna ƙaruwa a fadamu da tafkuna, har da baƙi masu tasowa daga Turai, sai a ƙara zaren fatsa a sake ɗaure wanda ya saki. Da bazara, lokacin da ƙananan tafkuna suka ƙafe, duk dabbar da ke yankin tana tattaruwa a ɗan ruwan da ya rage, kuma a lokacin ne ya kamata a sake baje yashi da magariba sau ɗaya a mako, a duba da asuba a ga ko baƙon da yake zuwa ya sauya.